Ledar da Ta Hana Ni Lambar Yabo

Na shiga tseren gudu da dama a 'yan shekarun nan, wasu har na manta yadda suka ƙare, amma akwai guda ɗaya da ba zai fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Abin dariyar kuma, shi kaɗai ne tseren da na dawo gida babu lambar yabo a wuyana. Ba ciwo ne ya hana ni ba, ba kuma kasala ba. Ledar ruwa ce guda ɗaya tak, irin wadda ake tsotsewa a jefar ba tare da an waiwaya ba.

Ni ɗan kasuwa ne, shadda da atamfa nake sayarwa a kasuwar Sakkwato, gidana kuma yana Gidan Dahala. Wanda ya san sana'armu ya san zama ce tsagwaronta. Tun hantsi mutum yana kan benci har la'asar sakaliya, in zafi ya taso a kawo lemon kwalba mai sanyi, in yunwa ta taso a dama fura a zabga mata sukari, da yamma kuma ga mai tsire. Ina cika shekara arba'in da 'yan kai, tumbina ya fara riga ni shiga ɗaki. Wata rana jiri ya ɗebe ni ina tsakiyar auna wa wata hajiya yadi, da na je asibiti likita ya ce hawan jini ne, sukari ma yana hanya. Ya ce ko in motsa jikina, ko in shirya shan magani har ƙarshen rayuwata. Gaskiya na tsorata, don a lokacin 'yata ta fari ba ta wuce shekara takwas ba, ƙannenta biyu kuma ƙanana ne sosai.

Ina da wani maƙwabci, malamin sakandare ne, Kirista mutumin Filato, siriri kamar sanda. Kowa a unguwa Ticha yake ce masa. Shekara da shekaru ina ganinsa yana fita gudu da sassafe lokacin da muke dawowa daga masallaci, ni kuwa ina cikin masu yi masa dariya. Da na kai masa kukana bai rama dariyar ba. Cewa ya yi, "Alhaji, gobe ka sa takalmi mai igiya, mu fara da tafiya. Gudu zai zo da kansa."

Gudun ya zo, ya kuma zo da abin kunya. A garinmu babba ba ya gudu sai da dalili. Ranar da na fara ɗaga ƙafa sosai, hanya ta bi da mu ta Unguwar Rogo, Ticha ya yi mini nisa, ni kuma ina baya ina haki, tumbi na sama da ƙasa. Wani mai shayi ya miƙe tsaye da ludayi a hannu yana cewa, "Alhaji lahiya? Gobara ta?" Kafin in sami numfashin ba shi amsa, mutum biyu sun biyo ni a guje suna tambayar ina ɓarawon ya bi. Labari ya riga ni isa gida. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana zaune a tsakar gida tana jan carbi, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai dai hwaɗa min gaskiya, wa ka bin ka?" Na ce babu kowa, lafiya nake nema. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin an sami lafiya a guje ba. Daga ranar muka mayar da atisayenmu hanyar Kalambaina, inda babu mai kula mu sai direbobin manyan motocin siminti.

A cikin wannan shekarar ne wani abu ya faru da ya canza gidanmu. Inna ta ba 'yata wata jar akuya, yarinyar nan kuwa ta ɗauki son duniya ta ɗora mata. Ita ke ba ta dusa, ita ke ba ta ruwa, har hira take yi da ita. Sai akuya ta fara ramewa, ciki ya kumbura, ta daina cin komai. Da muka ga za ta tafi, aka kira mahauci ya yanka. Da ya farka tumbin sai ga ledoji cunkus, baƙaƙe da farare, sun dunƙule kamar ƙwallon tsumma. 'Yata tana tsaye tana kallo. Ba ta yi ihu ba, hawaye kawai suke zuba, ta nuna wata leda ta ce irin ta biskit ɗin da nake sayo musu ce. Maganar ta soke ni, domin na san ledojin nan daga bolar ƙofar gidanmu akuyar ta tsince su.

Har zuwa daren ranar ba mu da wata doka, washegari na tara iyalina na kafa ta. Ba a jefa leda a ƙasa, a gida ko a waje. Mai ɗakina ta koma zuwa cefane da kwando, ruwan sha ya koma randa da gora. Ledojin ruwa da suka shigo gidan ta hannun baƙi kuwa, Ticha ya koya mana yadda ake yanke bakinsu, a huda gindinsu, a cika da ƙasa da taki a shuka iri. Cikin 'yan watanni bayan ɗakin girkinmu ya cika da 'ya'yan zogale da dogon yaro, kowa da ranar ban ruwansa. Tukunya ma ta canza, kwaɗon zogale da wake da fura marar sukari suka kori lemon kwalba. Ni ma a shago na koma naɗe wa mutane kaya a takarda, abokan kasuwa suna tsokanata wai na zama sarkin tsafta ba naɗi.

Sai dai ni mutum ne mai tsanani, in na kafa abu ba na son a taɓa shi, kuma yanzu da na manyanta na san tsananin nawa yakan wuce gona da iri. Wata Juma'a muna dawowa daga gidan ƙanwata, 'yata ta gama cin alewa, iska ta fizge ledar daga hannunta ta yi gaba da ita. Na tsaya na ce ta je ta ɗauko. Ta ce, "Baba, iska ta ɗauke ta, ba ni niy yas ba." Na ce abin da ya fita daga hannunki naki ne har sai kin ɗauke shi. Yarinya ta duƙa ta tsinci wata leda a gefen ƙafarta, don ledoji ne birjik a wurin, ta miƙo mini. Na girgiza kai na ce, "Ba wagga kinka yas ba." Haka ta bi ledar nan cikin rana, da takalmin fita da sabon hijabinta, har bakin wata kwata, mutane suna kallo. Ta dawo da ita tana kuka ƙasa-ƙasa. Da muka isa gida uwarta ta ce, "Alhaji, wanga abu ya yi yawa. Ɗiya ta, ba soja ba." Na yi kunnen uwar shegu da ita, ina ganin tarbiyya nake yi.

Ana nan sai Ticha ya zo da labarin za a yi tseren dogon zango a cikin gari, kilomita ashirin da ɗaya, kuma duk wanda ya gama cikin awa uku za a rataya masa lambar yabo. Bayan awa uku a buɗe hanya ga motoci, a naɗe tebur. Ban taɓa son wani abu na yara kamar yadda na so lambar nan ba. So nake in rataye ta a shago, inda masu yi mini dariya za su gan ta kullum. So nake Inna ta riƙe ta a hannu.

Wata huɗu muka yi muna shiri, kuma a nan ne gudu ya fara cin haƙƙin gida. Ina sallame Asuba sai hanyar Kalambaina, kafin in dawo yara sun tafi makaranta. Da yamma in dawo kasuwa a gajiye, ina cin tuwo ina gyangyaɗi. Sau biyu ranar ban ruwana tana wucewa ban sani ba, har 'ya'yan zogale wajen goma suka bushe. Mai ɗakina ta jera mini su a ƙofar ɗaki ba ta ce uffan ba, wannan kuwa ya fi faɗa ciwo. Da na nemi sulhu ta ce ita ba ta hana ni neman lafiya ba, amma yaran nan sun fara tambayar ko babansu ya koma Kalambaina da zama. Dole na sake tsari. Na rage fita zuwa kwana huɗu a mako, na koma yin ban ruwa kafin in ɗaura takalmi, ranar Asabar kuma 'yata ta riƙa bin mu a kan kekenta da gorar ruwa a kwando. Ita ce mai ƙidaya mana turakun lantarki, in na rage sauri ta buga ƙararrawa ta ce, "Baba, Ticha ya tsere ma!"

Ana saura kwana biyu tsere, Ticha yana yi mini bayanin yadda abin yake a zaure, ya ce duk bayan 'yan kilomitoci akwai tebur da ake miƙa ruwan leda, mutum ya fizga, ya ciza, ya sha, ya jefar yana gudu. 'Yata tana gefe tana jin mu. Sai ta ce, "To Baba, kai ina za ka yas da taka?" Wallahi ban taɓa tunanin abin ba. Na yi ta maza na ce ba zan yar da ko ɗaya ba, duk wadda na sha zan kawo mata ta shuka iri a ciki. Mai ɗakina ta ɗauki ƙyallen shadda cikin ragowar yankan shago ta ɗinka mini 'yar jaka mai zariya da zan ɗaura a ƙugu.

Ranar tsere an tashi da wuri saboda rana, damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba. Mutane sun fi yadda na zata yawa, sojoji da ɗalibai da 'yan ƙwallo, da wasu dogayen samari da aka ce daga nesa suka zo, waɗanda tun da aka busa usur ban sake ganin ko ƙeyarsu ba. Ticha zai iya bin sahun gaba, amma ya ce tare muka fara, tare za mu gama. Kilomita goma na farko lafiya lau. Duk teburin da muka iso in karɓi ruwa, in sha, in cusa ledar a jaka. Wani saurayi da ke gudu kusa da ni ya ga ina yi, ya ce, "Baba, tara su kaka yi ka sayar?" Na ci gaba da guduna, ba ni da numfashin raha.

Daga kilomita sha biyar rana ta buɗe sosai, irin ranar Sakkwato da ba ta san sabo ba. Ƙafafuna suka yi nauyi, gishirin gumi ya cika mini ido. Ticha yana duba agogo yana cewa, "Alhaji, muna ciki, amma ba mu da rarar ko minti biyar. Kada ka tsaya." A wajen kilomita sha takwas muka iso teburin ruwa na ƙarshe. Na karɓa, na ciza, na zuƙe, na kai hannu ƙugu zan cusa ledar. Daidai lokacin wata babbar motar siminti ta wuce a ɗaya hannun titin da ba a rufe ba, iskarta ta fizge ledar daga hannuna. Ina kallo ta tashi sama, ta yi baya, ta gangara gefen titi ta maƙale a jikin wata ƙaya can ƙasa, nisan da ya kai rabin tsawon filin ƙwallo.

Na tsaya cak. Ticha ya juyo ya ga abin da nake kallo, ya gane. Titin nan kuwa fari fat yake da ledojin waɗanda suka riga mu wucewa, ko'ina ka taka sai ka ji ƙarar su. Ya duƙa ya ɗauki ɗaya ya miƙo mini ya ce, "Alhaji, karɓi wannan mu tafi. Duka iri ɗaya ne, yarinya ba za ta sani ba."

Gaskiya ya faɗa, ba za ta sani ba. Har na miƙa hannu. Sai na ga hannun nan nasa da leda a ciki ya zame mini hannun 'yata ranar Juma'ar nan, na kuma ji muryata da kunnena, da irin kaushin da na yi maganar. Na janye hannuna. In na karɓi ledar nan, to ranar nan zalunci kawai na yi wa yarinya, na sa ta kuka a kan dokar da ni kaina ba zan iya bi ba in ta matse ni. Na ce, "Ticha, tahi. Don Allah tahi ka karɓo lambarka." Ya yi gardama, na rantse masa, sannan ya juya ya ci gaba yana waiwaye.

Ni kuwa na juya baya, ina gudu ina fuskantar masu zuwa. 'Yan kallo suka ɗauka rana ta taɓa mini kai. Wani dattijo a kan babur yana ɗaga hannu yana cewa, "Alhaji, ba nan ta ba hanya! Can za ka!" Wata mai sayar da awara ta ce a riƙe shi, bawan Allah ya ruɗe. Na gangara gefen titi, ƙasa tana zamewa a ƙarƙashina, na kutsa hannu cikin ƙaya na cafko ledar. Ina duƙawa jijiyar cinyata ta ɗaure tamau. Na zube a wurin ina salati, ƙaya ta yage mini hannu, na kasa miƙewa. Ban san minti nawa na yi ina murza ƙafar nan ba. Da ta saki na rarrafo na hau titi, na cusa ledar a jaka na ja zariya na ƙulle, na ci gaba da abin da ba za a kira shi gudu ba sai don kara.

Tun daga nesa na ga an fara sakin motoci, na san zance ya ƙare. Da na iso wurin gamawa ana naɗe tebur, wani jami'i ya dubi agogo ya ce, "Sannu Baba, ka yi ƙoƙari, amma lokaci ya wuce da minti shida." Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini ɗaci. Wata huɗu ina mafarkin abin nan.

Iyalina suna gefe a inuwar wata bishiya, har da Inna, wadda ta ce sai ta zo ta ga masu gudu ba a kore su ba. Ticha yana tare da su, lambarsa a hannu bai ko rataya ba. Na zauna a ƙasa, na kwance jakar na miƙa wa 'yata. Ta zazzage ta tana jerawa a kan cinyarta, guda bakwai. Ta bakwai ɗin duk ƙasa ce, ga hujin ƙaya, ga ɗigon jinina a jiki. Ta ɗaga ta tana dubawa, sai Ticha ya kwashe labari ya faɗa musu tas, har da ledar da ya miƙo mini na ƙi karɓa.

Yarinyar ta dube ni ta ce, "Baba, mi ya hana ka amshi ta Ticha?"

Na ce, "Ba ita niy yas ba."

Ta riƙa juya ledar a hannu. Can ta ce, a hankali, kamar mai magana da kanta, "Ashe dokar ga har da kai." Sai ta matso ta kama hannuna da ƙaya ta yaga, tana goge shi da gefen hijabinta. Ni da ban yi kuka ba ranar da likita ya tsorata ni, sai ga ni ina share ido a gaban jama'a ina cewa gumi ne. Na ce mata ranar nan ta Juma'a na tsananta mata, ta yi haƙuri. Ta ce ai ta manta, amma ni da ita duk mun san ba ta manta ba sai a ranar. Inna kuwa ta gyara mayafi ta ce, "To, yau dai na ga abin da kaka bi." Ticha ya so ya rataya mini tasa lambar, na ce a'a, wannan ma ba tawa ba ce.

Da yamma 'yata ta yanke bakin ledojin nan bakwai, ta huda gindin shida. Da ta zo kan ta bakwai ta ce wannan ba sai an huda ta ba, ƙaya ta riga ta yi mana aikin. Ta zuba ƙasa ta sa ƙwallon dogon yaro a ciki, ta ware ta gefe guda, ba ta yarda kowa ya yi mata ban ruwa ba sai ita. Da ya yi ƙwari muka dasa shi a ƙofar gida, daidai inda bolar nan take a da.

Bayan wannan na shiga wasu tseren, na kuma samu lambobin yabo har huɗu. Hawan jini ya sauka, tumbi ya tafi, masu dariya a kasuwa biyu daga cikinsu yanzu tare muke fita hanyar Kalambaina. Lambobin suna cikin wata durowa a shago, tare da almakashi da tsofaffin makullai, sai in yi wata ban buɗe ta ba. Dogon yaron kuwa ya wuce katangar gida, a inuwarsa nake kwance igiyar takalmi duk safiyar da na dawo. 'Yata ta zama budurwa, tana karatu a jami'a, kuma har yau ban taɓa ganin ta jefa ko ɓawon alewa a ƙasa ba. Ƙannenta ma da ba su da wayo a lokacin, labarin ledar suka tashi da shi, ba wa'azina ba.

Abin da na koya shi ne, kafa wa yara doka ba shi da wuya, kowane uba yana iya yi daga kan tabarmarsa. Amma akwai ranar da dokar za ta zo ta same ka kai kaɗai, a gajiye, ga abin da kake so a gabanka, babu kuma mai ganinka. Abin da ka yi a ranar shi ne tarbiyyar da ka ba su, sauran duk surutu ne. Na kuma koyi in riƙa auna nauyin abu a kaina kafin in ɗora wa ƙaramin yaro. Minti shida suka raba ni da lambar yabo, kuma da za a mayar da ni kilomita na sha takwas ɗin nan yau, da ƙafafun nan nawa da suka fara tsufa, wallahi sai na sake gangarawa cikin ƙayar.